Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai, dattawa da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa mazauna Birtaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Allah ya gafarta malamai. Iyayena dattawa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Shugabannin ƙungiyoyinmu maza da mata, sannunku da ɗawainiya.

Ni 'yarku ce, ƙanwar wasunku, ina zaune a arewacin Ingila, kuma uwa ce ga saurayi ɗan shekara 17 mai fama da sikila. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne don maganar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma duk lokacin da wani ya ɗauko ta a zaurukanmu na WhatsApp, kafin magariba ta nutse ƙarƙashin sanarwar suna da ta ɗaurin aure. Roƙona shi ne ku shige mana gaba, mu je mu zauna ido da ido da 'yan majalisar mazaɓunmu a kan rage kuɗin tallafin naƙasassu da masu doguwar lalura, tun kafin a gama yanke hukunci ba a ji ta bakinmu ba.

Ga wanda bai bi labarin ba, ranar 18 ga Maris 2025 ministar ayyuka da fansho ta wancan lokacin, Liz Kendall, ta miƙe a majalisar dokoki ta ce gwamnati na son rage kusan fam biliyan 5 a shekara daga kuɗin tallafin marasa lafiya da naƙasassu kafin 2030. Kaso mafi tsoka daga PIP zai fito, wato alawus ɗin da ake bai wa mutum don ya rage masa nauyin ƙarin kashe-kashen da lalura ke ɗora masa. Mutum wajen miliyan 3.7 ne ke karɓarsa a Ingila da Wales a lokacin. Ina so dattawanmu su riƙe wannan da kyau: PIP ba ruwansa da ko kana aiki ko ba ka yi, ba a duba albashinka, ba a duba ajiyarka ta banki. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobi da ke karɓarsa, kuma da shi ne wasunsu ke iya fita aikin ma.

Da maki ake auna mutum. Akwai ayyuka 10 na rayuwar yau da kullum da ake dubawa, irin su girki, cin abinci, shan magani, wanka, shiga bayi, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane da sarrafa kuɗi, sai kuma wasu 2 da suka shafi fita da tafiya. Wanda ya haɗa maki 8 a ɓangaren rayuwar yau da kullum yana samun fam 73.90 a mako a farashin 2025, wanda ya kai 12 yana samun fam 110.40. Abin da gwamnati ta so ta ƙara shi ne, daga Nuwamba 2026, sai mutum ya samu maki 4 ko fiye a aiki guda ɗaya, komai yawan jimillar makinsa.

A takarda abin ba shi da girma. Amma a ɗauki mace 'yar shekara 50 da ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Sai an yayyanka mata nama kafin ta ci, maki 2 ke nan. Sai an wanke mata kai ko daga ƙugu zuwa ƙasa, maki 2. Sai an taya ta ɗaura zani da sa safa, maki 2. Ba ta iya zama ko tashi a bayi sai da ƙarfen dafawa, maki 2. Ba ta iya tsayuwa gaban tukunya sai da kujera ta musamman, maki 2. Ta haɗa 10, amma babu inda ta samu 4. Da wannan ƙa'ida ta zama doka, wannan baiwar Allah za ta rasa sama da fam 3,800 a shekara, sannan 'yarta da ta bar aiki take kula da ita awa 35 ko fiye a mako ita ma za ta rasa alawus ɗin mai jinya na fam 83.30 a mako, domin wancan ne ke buɗe ƙofar wannan. Lissafin da gwamnati ta fitar da kanta a ƙarshen Maris ya ce mutum 800,000 za su rasa wannan ɓangare na PIP, masu jinya 150,000 za su rasa nasu, kuma mutum 250,000, ciki har da yara 50,000, za su faɗa talauci.

Ba a yi hakan ba, kuma yadda aka hana shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An gabatar da ƙudurin a majalisa a watan Yuni. Jam'iyyar Labour mai mulki na da rinjaye mai yawan gaske, kowa ya ɗauka zai wuce salin-alin. Sai ga 'yan majalisar jam'iyyar su fiye da 120 sun sa hannu a takardar neman a dakatar da shi, Meg Hillier ce a gaba. Vicky Foxcroft ta ajiye muƙaminta na mai tsawatar wa 'yan majalisar jam'iyya ta ce ba za ta iya kaɗa masa ƙuri'a ba. Gwamnati ta fara ja da baya ta ce masu karɓa a yanzu ba za a taɓa su ba. Ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawara, ƙaramin minista Stephen Timms ya tashi ya ce an cire sashen PIP gaba ɗaya daga ƙudurin. Duk da haka 'yan Labour 49 suka ƙi shi, ya wuce da ƙuri'a 335 a kan 260. Waɗannan mutane ba mafarki suka yi suka wayi gari da tausayi ba. Ɗaya bayan ɗaya sun tashi a zauren suna ba da labarin mutanen mazaɓunsu da suka rubuto musu, ko suka zo suka zauna a gabansu da keken guragu, da sanda, da ƙullin takardun asibiti. Ƙungiyoyin naƙasassu irin su Scope da Disability Rights UK da Disabled People Against Cuts sun yi ta tura mutane, amma waɗanda suka je ɗin talakawa ne kamar ni da ku.

Ni ma na je, a farkon Yuni, tare da ɗana. Na aika wa ofishin ɗan majalisarmu saƙon imel, na rubuta cikakken adireshina domin ba sa karɓar maganar wanda ba ɗan mazaɓa ba, na ce ina neman ganinsa a zaman da yake yi da jama'a. Aka ba mu rana, wata Juma'a da safe, a wani ƙaramin ɗaki na ɗakin karatun unguwa. Ba a faɗa mana wurin ba sai da ranar ta matso, kuma an duba shaidar adireshi a ƙofa. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai, ba don launin fatarmu ko hijabinmu ba ne. Tun da aka kashe ɗan majalisa David Amess a irin wannan zama a Oktoban 2021 aka ƙara tsaurara tsaro ga kowa. A ciki ba kowa sai shi da wata ma'aikaciyarsa mai rubutu, tebur ɗaya da kujerun roba. Aka ce muna da minti goma sha biyar.

Na riƙo takarda shafi ɗaya da na rubuta abin da nake so ya yi, da wasiƙar likitan jini, da takardar kuɗin gas ta watan Janairu. Na fara da takardar gas ɗin. Na ce masa sanyi na tayar wa mai sikila da ciwo, don haka gidanmu ba ya iya yin abin da maƙwabta ke yi na kashe na'urar ɗumama ɗaki da dare a shiga bargo. Na ce masa idan ciwo ya tashi da ƙarfe biyun dare yaron ba ya iya jiran bas, tasi ne zuwa asibiti, tasi ne dawowa. Na ce masa da zarar yaron ya wuce shekarun da ake ɗauke wa ɗalibai kuɗin magani, zai fara biyan fam 9.90 a kan kowane magani, domin a Ingila sikila ba ta cikin jerin cututtukan da aka yafe wa wannan kuɗi, alhali kullum ta Allah sai ya sha penisilin da maganin ƙarin jini da wanda ke rage masa yawan tashin ciwo. Sai na yi shiru, yaron ya karɓa. Shi da ba ya iya ɗaga ido ya dubi babba, ya zauna ya bayyana wa baƙo yadda a ranar ciwo ba ya iya riƙe kofi, yadda ƙugunsa ya fara lalacewa har matakalar bene ta zame masa aiki, yadda ni ce ke kama shi zuwa bayi yana jin kunya ina jin kunya. Ɗan majalisar ya ajiye biro ya tambaye shi, to a ranar da ba ciwo fa? Ya ce yana zuwa kwaleji, yana dafa indomi, yana wanka da kansa, wanda ya gan shi ba zai ce komai na damunsa ba. Na ce to nan ne matsalar take, domin ƙa'idar PIP ta ce sai lalurar ta hana ka aiki a fiye da rabin ranakun shekara ake ba ka maki, ita kuwa sikila ba ta da kalanda.

Daga nan ya yi min tambayar da har yau take cina. Ya ce gida nawa ne a cikin jama'arku abin nan ya shafa? Ya ce wasiƙu sun yi masa yawa a kan wannan ƙuduri, daga makafi, daga masu ciwon ƙwaƙwalwa, daga iyayen yara masu galahanga, amma ranar ce ta farko da wani ya ambata masa sikila. Ni kuwa na san gidajen. Na san wanda ke da yaro da ba ya magana, na san wadda mijinta ke zuwa wankin ƙoda, na san wadda ƙanenta ya daina fita daga ɗaki tun bara. Amma babu wanda ya ba ni izinin in ambace shi, babu kuma wata ƙungiya tamu da ta taɓa ƙirga mu. Na fita da alƙawarin zai rubuta wa minista, kuma ya rubuta, bayan makonni ya turo min amsar. Amsa ce irin ta ofis, babu abin kamawa sosai a ciki. Ba na cewa zamana da shi ne ya juya ƙuri'ar kowa. Abin da na sani shi ne yanzu akwai fayil a ofishinsa mai ɗauke da maganar sikila, kuma da na sake rubuta masa a kaka, ma'aikaciyarsa ta tambayi jikin yaron.

Wasu a cikinmu sun ɗauka magana ta mutu tun Yuli. Ba ta mutu ba. Ragowar ƙudurin ya zama doka a Satumba 2025, kuma a cikinta akwai ragin da babu wanda ya cire. Ƙarin da ake yi wa mai karɓar Universal Credit (tallafin wata-wata na masu ƙaramin ƙarfi) da aka tabbatar rashin lafiya ya hana shi aiki, wajen fam 423 ne a wata a 2025. Dokar ta ce daga Afrilu 2026, sabon mai nema fam 217 zai samu, kuma an daskare adadin har zuwa 2030. An ɗan ƙara ainihin kuɗin da kowa ke samu, amma ƙarin bai kama ƙafar giɓin fam 200 a wata ba. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, a layi ɗaya, ɗaya zai karɓi ninkin na ɗayan don kawai ya riga shi kwanciya. Su wane ne sababbin masu nema? Yaranmu ne da ke gama makaranta yanzu, da magidancin da ke tuƙa tasi yau lafiyarsa ƙalau, wanda hawan jini zai iya kayarwa baɗi. An ware waɗanda likita ya ce ajalinsu ya kusa, da waɗanda lalurarsu mai tsanani ce ta har abada, amma lafazin dokar ya ce sai matsalar ta kasance tana tare da mutum a kowane lokaci, kuma sai an tabbatar da cutar a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Mai ciwon da ke tashi ya kwanta yana da dalilin fargaba, haka ma wanda takardun gano cutarsa na asibitin Kano ko Zariya ne bai sabunta su a nan ba.

Akwai sauran abubuwa a kan tebur. Gwamnati ta nemi ra'ayi a kan hana 'yan ƙasa da shekara 22 wannan ƙari ɗungurungum. Ta ce tana son soke gwajin iya aiki a 2028, ta yadda makin PIP ne zai riƙa yanke hukuncin ko mutum zai samu ƙarin Universal Credit ɗin, wato wanda ya faɗi a wuri ɗaya ya faɗi a biyu. Sannan PIP ɗin kansa ba a ce an bar shi ba har abada. An miƙa shi ne ga bitar da Stephen Timms ke jagoranta, wadda aka yi alƙawarin za a yi tare da naƙasassu, kuma ana sa ran rahotonta a kakar 2026. A can ne za a sake zana yadda ake ba da maki. Ba a fafe gora ranar tafiya, iyayena. Idan muka jira sai rahoto ya fito, sai dai mu yi ta tsaki a falo.

Ba na raina hujjar gwamnati. Kuɗin da ake kashewa ya ƙaru ƙwarai tun bayan annobar korona, mutum wajen miliyan 2.8 ba sa aiki saboda doguwar rashin lafiya, kuma ni kaina babu abin da nake roƙa wa ɗana kamar ya samu sana'ar da zai riƙe kansa. Amma wanda ke son ya ga mai lalura a wurin aiki ba ya fara da ƙwace masa kuɗin tasin da zai kai shi. Scope ta ƙiyasta cewa gidan da ke da naƙasasshe na buƙatar ƙarin sama da fam 1,000 a wata kafin ya yi rayuwa daidai da gidan da ba shi da shi. Masu cewa duk 'yan damfara ne su dubi alƙaluman ma'aikatar ayyuka da fansho kanta na 2025, waɗanda suka nuna zamba a PIP ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuma cikin waɗanda aka hana suka daure har gaban kotun ɗaukaka ƙara, kusan biyu cikin uku ne ke yin nasara. Wannan na nuna tun yanzu ma ana hana masu haƙƙi.

Yanzu bari in juyo gida, kuma ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi. Abin da ya fi hana mu zuwa shi ne kunya. Mun taso a inda babu irin wannan tallafi, inda naƙasasshe ko dai danginsa su rufa masa asiri ko ya fita bara, don haka kunnenmu na jin karɓar kuɗin gwamnati kamar miƙa ƙoƙo. Na ji da kunnena ana cewa wance ai 'yar cin kuɗin gwamnati ce, alhali matar ta yi shekaru tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ana cire mata haraji tun kafin albashi ya shigo hannunta, har bayanta ya ƙare a wurin ɗaga mutane. Likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu da direbobinmu duk suna zuba kuɗi a asusun nan. Muna ɓoye yaro mai lalura don kada a ƙi auren yayyensa. Muna kiran ciwon ƙwaƙwalwa da sunan iska ko sammu mu tsaya a nan, ba mu haɗa addu'a da asibiti ba. Wanda aka ɓoye a ɗaki kuwa ba ya shiga lissafin kowa, har da na ɗan majalisa.

Wannan kunya tana bin mu har cikin gwajin. Jami'in da ke auna mutum ya bugo waya ya tambayi yaya jiki, Bahaushe ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya tambaye shi ko yana iya wanka, ya ce ana lallaɓawa. Ya tambaye shi maganar bayi, ya yi shiru ya ce babu matsala, domin ina shi ina faɗa wa baƙuwar mace cewa matarsa ce ke yi masa tsarki. Shi kuwa jami'in abin da ya ji yake rubutawa, sai takarda ta zo da maki sifili. Malamai, ku ne za ku iya gaya wa mutane daga kan mumbari cewa bayyana wa likita ko jami'i gaskiyar halin da kake ciki ba raki ba ne, ba kuma rashin godiyar Allah ba ne. Ƙa'idar ma ta ce aiki ba ya ƙirguwa a matsayin ka iya shi sai idan kana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da ya dace. Mutanenmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Kun fi ni sanin surar da ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo da buƙatarsa ana tsakiyar ganawa da manyan gari, kun kuma san matsayin da ya samu a Madina daga baya.

Sai tsoron takardu. Gaskiya ne wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin gwamnati bai kamata ya nemi PIP ko Universal Credit ba sai ya nemi shawarar masana, domin yana iya jawo wa kansa matsala. Amma ganin ɗan majalisa daban, neman tallafi daban. Ɗan majalisa wakilin duk wanda ke zaune a mazaɓarsa ne, ko ya zaɓe shi ko bai zaɓe shi ba, ko yana da fasfon ƙasar ko ba shi da shi. Ƙari a kan haka, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke da izinin zama yana da damar yin rajista ya kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe saboda ƙasashenmu na cikin ƙungiyar Commonwealth. Da yawanmu ba su yi rajistar ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi ba su da wannan dama sai sun zama 'yan ƙasa, amma ƙofar ofishin a buɗe take gare su su ma. Masu cewa siyasar Turawa ce ba ruwanmu, ina tuna musu cewa a garuruwanmu na asali akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda ke ɗaukar kukan mutanensu su kai fada. Kakanninmu sun san mai lalura na buƙatar bakin da zai isa gaban mai mulki. Masu cewa zakka da taimakon juna sun ishe mu kuma, Allah ya saka da alheri, ana yi kuma muna gani, amma a gaya min asusun masallacin da zai iya biyan gida goma fam 200 kowane wata har shekara biyar.

Akwai wata dama da ban so ta wuce mu. A Satumba 2025 aka naɗa Pat McFadden ministan ayyuka da fansho. Shi ne ya shugabanci rukunin 'yan majalisa na jam'iyyu daban-daban a kan sikila, wanda a Nuwamba 2021 ya fitar da rahoton da ya tona yadda ake wulaƙanta masu cutar a asibitocin ƙasar nan, ana jinkirta musu maganin ciwo, ana zarginsu da neman ƙwaya. Mutumin ya san cutar, ya saurari iyaye. Masu sikila a Ingila sun kai wajen 17,000, mafi yawansu 'yan asalin Afirka da Karibiyan, kuma Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara da ita a duniya. Idan 'yan majalisa ashirin suka rubuta masa suna tambayar yadda sabon tsarin maki zai yi da mai ciwon da ke zuwa ya tafi, ba zai iya cewa bai gane tambayar ba. Su kuwa ba za su rubuta ba sai wani ya je ya zauna a gabansu.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kowace ƙungiya ko masallaci ko coci da mutanenmu ke taruwa ta ware mutum biyu amintattu, mace da namiji, masu riƙe sirri, su tattara adadi ba tare da suna ba: gida nawa, wace irin lalura, wa ke karɓar me, wa aka hana. Da wannan a hannu sai a nemi ganawa da ɗan majalisar mazaɓar, da sunan ƙungiya, mutum uku ko huɗu sun isa. Yawancin zaman ranar Juma'a ake yi domin ranar ce suke komawa mazaɓu, don haka a nemi safiya ko bayan an sauko daga masallaci, ko a gayyace shi ya zo harabar masallacin. Suna zuwa idan aka gayyace su. Wanda ke Landan yana iya zuwa majalisar kanta ya cike koren kati a babban zaure a nemo masa wakilinsa, sai dai babu tabbacin zai same shi, gara a sa rana.

In an shiga, don Allah shugabanni ku gabatar da kanku a taƙaice ku bar mai lalurar ya yi magana da bakinsa, ko mai jinyarsa idan shi ba zai iya ba. Minti goma sha biyar ba ta ɗaukar doguwar gaisuwa da tarihin ƙungiya. Wanda Turancinsa bai nuna ba a zo masa da tafinta, amma kada a sa ɗansa ƙarami ya fassara masa maganar bayi da wanka. Kada a fita sai an nemi abu takamaimai: ya rubuta wa minista ya turo amsar, ya shigar da tambaya a rubuce a majalisa a kan masu ciwon da ke tashi ya kwanta, ya miƙa bayananmu ga bitar Timms, ya faɗi matsayinsa a kan 'yan ƙasa da shekara 22, kuma ya yi alƙawarin sake zama da mu kafin ya kaɗa ƙuri'a a kan duk wata doka da za ta biyo bayan rahoton. A bar masa takarda shafi ɗaya. Bayan mako biyu a sake rubutawa a tuna masa. Ko ɗan wace jam'iyya ne a je, har wanda aka san ra'ayinsa ya saɓa da namu. Waɗanda ke Sikotland su lura cewa su nasu alawus ɗin daban ne, gwamnatin can ke biya a madadin PIP, amma ragin Universal Credit ya shafe su, don haka suna da wakilai biyu da za su gani.

Sannan a samu matasanmu masu ilimi, ga su nan birjik, su je ofishin Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, su koyi yadda ake cike fom ɗin da yadda ake neman a sake duba hukunci, wanda yawanci wata ɗaya ake bayarwa a nema. Duk wanda rashin lafiya ya riga ya hana shi aiki kuma bai nemi haƙƙinsa ba, a kai shi ya nemi shawara yanzu.

Ni a shirye nake in raka duk uwar da ke jin nauyin zuwa ita kaɗai, kuma ɗana ya ce zai sake magana a gaban ko wane ne idan aka buƙace shi. Abin da ba mu da shi shi ne mumbari da jerin sunayen membobi, waɗannan a hannunku suke. Ina roƙon a fara da sanarwa bayan sallar Juma'a mai zuwa, a faɗi sunayen mutum biyun da za a riƙa samu a asirce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.

Wassalam.

'Yarku,
mahaifiyar mai sikila, daga arewacin Ingila